Huji uku a mita 25, huji goma a mita 50: wa ya fi iya harbi?

Daren Alhamis muna zaune a majalisarmu a nan Jidda, an kawo shayi ke nan, ɗan ƙanwata ya matso ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah duba nan ka raba mana gardama." Hoton takardar bara ne, da huji uku da suka kusa haɗewa su zama ɗaya, an ajiye kwandalar riyal a gefe don a ga ƙanƙantarsu. Abokinsa ma ya miƙo tasa wayar. Shi nasa huji goma ne, sun ɗan bazu, faɗinsu ya kai kaurin yatsu biyu. Su biyun suna zuwa wani filin koyon harbi mai lasisi a bayan gari, suna harbi da bindigar iska, wadda mutanen ƙasar nan ke kira saktun. Kafin in buɗe baki majalisa ta riga ta yanke hukunci, kowa ya ce mai huji uku ya ci, ai gani ya kori ji.

Na ce su dakata. Na daɗe ina wannan wasa, kuma abin da ya fi damuna a cikinsa shi ne yadda hoto ɗaya ke sa a ɗaga wani a kayar da wani ba tare da an tambayi komai ba. Na tambayi kowannensu nisan da ya tsaya, da kaurin harsashinsa, da yadda ya auna. Ɗan ƙanwata ya ce mita 25, harsashi mai kaurin milimita 4.5, kuma da ya ɗora rula ya sami milimita 14 da rabi. Abokin ya ce mita 50, harsashi mai milimita 5.5, faɗin kuma milimita 33 da rabi.

Tarin hujin da harsasai ke bari a takarda Larabawa na ce masa tajmi'i. Ni garke nake ce masa, don yadda shanu ke taruwa wuri ɗaya wata ta ɗan ware, haka hujin nan suke. Awon garke da aka fi sani shi ne a nemi huji biyu da suka fi nisa da juna a auna tsakaninsu. Sai dai daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan ake aunawa, ba daga gefe zuwa gefe ba. Tunda gano tsakiyar huji da ido yana da wuya, sai a auna daga bakin waje zuwa bakin waje a cire kaurin harsashi ɗaya. Wanda bai cire ba ya zalunci mai babban harsashi, domin ko da mutum ya zuba harsasai goma a huji ɗaya tak, rula za ta nuna kaurin harsashin, alhali garkensa sifili ne. Da muka cire, ɗan ƙanwata ya tashi da milimita 10, abokinsa da 28.

Har yanzu dai 10 da 28 ba abin gwadawa ba ne, saboda ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Ka ɗauki tocila da daddare ka haska bango daga taku biyu, za ka ga ɗan da'irar haske kamar faifai. Ja da baya zuwa taku huɗu, da'irar ta ninka faɗi. Tocilar ba ta lalace ba, hannunka bai canza ba, hasken ne ke buɗewa yana tafe. Harbi ma haka yake. Duk wata 'yar rawar hannu, ko motsin bakin bindiga lokacin da aka ja kunama, kusurwa ce ƙarama da ke buɗewa gwargwadon tafiyar harsashi. Saboda haka masu harbi ba sa kwatanta garke da santimita sai da kusurwa.

Ma'auni biyu ake amfani da su. Na farko shi ne mintin kusurwa, wanda ake rubutawa MOA a jikin madubin saiti, darbil a bakin mutanen nan. Da'ira tana da digiri 360, kowane digiri an raba shi gida 60, gida ɗaya shi ne mintin. A nisan mita 100 yana rufe santimita 2.9, a mita 50 rabin haka, a mita 200 ninki biyu. Na biyu shi ne mil, kuma shi na fi so don lissafinsa ba ya buƙatar takarda: mil ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na nisan da ka tsaya. Santimita 10 a mita 100, santimita 5 a mita 50, santimita ɗaya a mita 10. Ka raba faɗin garkenka na milimita da nisan mita, ka sami mil kai tsaye. Mil ɗaya ya yi daidai da minti 3.44, ga mai son juyawa.

Milimita 10 a raba da 25 ya ba da mil 0.40. Milimita 28 a raba da 50 ya ba da 0.56. Tazarar da ido ya gani kamar ninki uku ta tsuke ta koma ƙasa da ninki ɗaya da rabi. Ɗan ƙanwata ya yi murmushi ya ce, "To Kawu, ai duk da haka ni ne a gaba." Na ce masa a wannan matakin haka ne.

Kafin in wuce, akwai wani tarko da ke kama masu karanta tallar bindigogi. Yawancin alƙaluman da ke yawo daga Amurka suke fitowa, su kuwa da yadi da inci suke awo. Yadi 100 mita 91.44 ne, inci ɗaya kuma santimita 2.54, sai aka yi dace minti ɗaya a yadi 100 ya zama inci 1.047, har mutane suka saba cewa inci ɗaya minti ɗaya ne. A filayenmu da mita ake awo. Wanda ya tsaya a mita 100 ya fi mai yadi 100 nisa da kusan kashi 9 cikin 100, don haka garkensa na santimita 2.9 daidai yake da na Ba'amurken da ya sami inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Duk wanda ya leƙa baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, zai ji ana cewa bindiga kaza tana harbi ƙasa da minti ɗaya. Tambayar da ta kamata ya yi ita ce da harsashi nawa. Kamfanoni da yawa da harsashi uku suke ba da wannan alkawari.

Nan kuwa ainihin maganar take. Faɗin garke yana ƙaruwa da yawan harbi ko da bindiga da maharbi ba su canza ko kaɗan ba. Dalilin a fili yake in aka tsaya aka yi tunani: awon nan huji biyu mafiya nisa kawai yake dubawa. In ka harba na huɗu, ko dai ya faɗa cikin garken ya bar awon yadda yake, ko ya faɗa waje ya faɗaɗa shi. Babu harsashin da zai zo ya rage faɗin. Don haka garken goma dole ya fi na uku faɗi a yawancin lokuta, kamar yadda in ka tara mutum uku a kasuwar Balad ka auna bambancin tsawon dogonsu da gajerensu, ba zai kai na mutum talatin ba.

Wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, Frank Grubbs, wanda ya yi aiki a cibiyar gwajin makamai ta Aberdeen, ya fitar da lissafin wannan tun 1964. Abin da lissafin ya nuna shi ne, ga bindiga ɗaya da maharbi ɗaya, matsakaicin garken harsashi biyar ya fi na uku faɗi da kusan kashi 27 cikin 100, na goma kuma ya fi na biyar da kusan kashi 24. In aka haɗa, garken goma ya kai ninki 1.58 na garken uku. Sai muka ɗauki 0.40 na ɗan ƙanwata muka ninka da 1.58, muka sami 0.63. Wato da ya ci gaba da harbi har goma, abin da ake sa ran gani ke nan, abokinsa kuwa 0.56 yake da shi a hannu. Majalisa ta yi tsit. Wanda aka ce ya sha kaye ya koma gaba.

Amma ban yarda a tafa wa abokin ba, domin lissafin da ya ɗaga shi shi ne kuma ya ce kada a gaskata huji uku ko ta wane ɓangare. Garken harsashi uku yana da yawan canzawa: daga wannan zuwa wancan, hawa da saukarsa kan kai kusan kashi 37 cikin 100 na matsakaicinsa. Mutum ɗaya, da bindiga ɗaya, a zama ɗaya, zai iya samun milimita 6 yanzu, anjima 15, kuma babu abin da ya faru sai sa'a. A garken biyar canjin yana sauka zuwa kusan kashi 27, a na goma zuwa kusan 20. Ko goman ma ke nan ba ta gama magana ba. Shi ya sa mujallar American Rifleman ta daɗe tana gwada bindiga da garke biyar a jere, kowanne harsashi biyar, ta ɗauki matsakaicinsu. Da harsashi 25 ɗin nan kuskuren awo yana komawa wajen kashi 12 cikin 100. Ka ga ke nan in bindigogi biyu sun bambanta da kashi 10 kacal, ko wannan gwajin ba zai raba su da tabbaci ba, balle hoto ɗaya a WhatsApp.

Sai na yi wa ɗan ƙanwata tambayar da na san za ta yi masa nauyi. Takarda nawa ya harba ran nan? Ya ce shida ko bakwai. Wacce ya ɗauka hoto? Ya sunkuyar da kai ya ce wadda ta fi kyau. Ban ga laifinsa ba, kusan kowa haka yake yi, kuma ba da nufin yaudara ba. Amma wanda ya harba garke bakwai na harsashi uku uku, kusan tabbas ne ɗaya zai fito ƙarami ƙwarai, kuma wannan ɗayan ba ya faɗin komai game da harbin da zai yi gobe. Sauran shidan da aka yar a kwandon shara su ne ke ɗauke da labarin hannunsa.

Haka batun saniyar ware. Za ka ga huji huɗu sun dunƙule, na biyar ya tafi can gefe, sai mai shi ya rufe shi da babban yatsa ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Ƙa'idar da na yarda da ita ɗaya ce: in ka ji a jikinka cewa ka fizgi kunama, ka faɗa da baki kafin ka duba takarda, to ana iya ware shi in bindigar ake gwadawa. In sai da ka ga inda ya faɗa sannan ka tuna cewa hannunka ya motsa, yana cikin garke. In kuwa maharbin ake gwadawa, babu harsashin da ake yafewa.

Akwai awon da ya fi wannan adalci, ko da yake ya fi cin lokaci. A nemi tsakiyar garken kansa, ta hanyar ɗaukar matsakaicin matsayin hujin hagu da dama, sama da ƙasa, sannan a auna nisan kowane huji daga wannan tsakiyar a ɗauki matsakaici. A nan kowane harsashi yana da murya, ba biyun gefe kawai ba, kuma da zarar harbi ya yi ɗan yawa awon yana zama wuri ɗaya maimakon ya yi ta kumbura. Sojan Amurka sun daɗe suna amfani da shi wajen gwada harsasan da suke saye. Yanzu akwai manhajojin waya da ke yin lissafin daga hoto, muddin ka nuna musu ma'auni a jikin takardar.

Misalin tocila da na kawo yana da iyaka, kuma iyakar tana goyon bayan wanda ya tsaya nesa. Haske ba ya gajiya a hanya, harsashi kuwa yana gajiya, ƙasa tana jansa, iska tana tura shi. Faɗuwar harsashi tana tafiya ne da lokacin da ya yi a sama ninki kansa. Ɗauki harsasai biyu daga gwangwani ɗaya, ɗaya ya fita da gudun mita 250 a daƙiƙa, ɗaya da 245, bambancin da ba abin mamaki ba ne a bindigar iska. Ko mun ajiye batun ragin gudu a gefe, a mita 10 na biyun zai faɗi ƙasa da na farko da kusan sulusin milimita, abin da ido ba ya gani. A mita 50 bambancin ya zama milimita 8. Nisa ya ninka biyar, kuskure ya ninka 25. Turin iska ma kusan haka yake girma. Mu da ke Jidda mun san iskar arewa maso yamma da ke tasowa daga Bahar Maliya, wadda takan yi ƙarfi da rana ta yi la'asar. Ƙwayar dalma mai nauyin rabin giram ko giram ɗaya ba ta da ƙarfin yi mata gardama. Wanda ya harba a mita 50 da yamma a fili ya yi kokawa da abin da mai mita 25 da sassafe bai ma san da shi ba.

Ga kuma zafi. Idan ƙasa ta ɗauki rana, ƙawalwalniya tana tashi tsakaninka da takarda, sai ka ga ɗigon tsakiya yana rawa a cikin darbil, kana saita inda yake a ido alhali ba nan yake ba. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakwarkwacewa, ta kan dutse ta fi ta bakin teku, saboda haka bindigar da aka saita a Jidda in aka hau da ita Ɗa'if, mai tsayin sama da mita 1,800, harsashinta zai sauka ɗan sama a nesa. Duk waɗannan suna nufin abu ɗaya: mil 0.5 a mita 50 ya fi mil 0.5 a mita 25 wahalar samu, kuma wanda ya ninka garkensa na mita 25 sau huɗu ya ce haka zai yi a mita 100 yana faɗin abin da bai gwada ba.

Abokin ya fara gyara zama, sai ɗan ƙanwata ya karɓi wayarsa ya faɗaɗa hoton. "Kawu, duba inda garkensa yake." Gaskiya ne, hujin goman duk sun taru ne hagu da ɗigon tsakiya, da tazarar kamar santimita biyu, nasa ukun kuwa a kan ɗigon suke. Na ji daɗin wannan lura ƙwarai, domin abu biyu ne mabambanta da mutane ke cakuɗawa. Dunƙulewar garke ɗaya, faɗawarsa inda aka nufa ɗaya. Ta farko ita ke nuna ingancin bindiga da harsashi da natsuwar hannu, kuma samunta na buƙatar watanni. Ta biyu gyaran saiti ce. Santimita biyu a mita 50 mil 0.4 ne, danna huɗu na abin murɗa saiti a darbil mai matakin mil 0.1, ko biyar zuwa shida a mai rubu'in minti. Amma fa a ranar gasa ba a ba da maki don garke ya dunƙule a gefe. Kuma mai gyara saiti da huji uku yana bin inuwa ne, tunda tsakiyar huji uku ita ma sa'a ce ke kaɗa ta. Zai murɗa dama yau, gobe ya murɗa hagu.

Saura yadda aka tsaya. Su biyun a zaune suka harba, bindiga a kan jakar yashi, kuma wannan gwajin kayan aiki ne fiye da gwajin mutum. Don a ga tazarar, a dubi gasar bindigar iska ta mita 10 ta Olamfik. Ɗigon maki goma faɗinsa rabin milimita ne, ana harbi 60 a tsaye, ba jingina, ba darbil mai kusanto da abu. Tunda taɓa ɗigon ya isa, tsakiyar harsashi na iya kaucewa da milimita biyu da rabi, wato mil 0.25. Tun 2013 ma, a harbi 60 ɗin nan, goman an tsaga ta har zuwa 10.9, kowane mataki rubu'in milimita. A harbin kibiya kuwa, mita 70 ake tsayawa, da'irar goma santimita 12.2, kusan mil 1.7. Wanda bai san wannan ba zai ce mai kibiya bai iya ba, alhali kowane makami da ma'auninsa. Maharban gida masu bindigar toka ma da suke lallaɓawa har su matso kusa da nama kafin su saki wuta, sanin iyakar makaminsu ne ya koya musu haka.

Abin da ke burge ni shi ne malamanmu sun riga mu zuwa nan. Harbi abu ne mai daraja a addini. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu mutanen Aslam suna gasar kibiya ya ce musu su yi harbi, 'ya'yan Isma'ila, domin babansu maharbi ne. Da malaman fiƙihu suka zo babin gasar harbi, wadda suke kira munadala, sai suka shar'anta cewa kafin a fara a san nisan da za a tsaya, da girman abin bara, da adadin kiban da kowa zai harba, da adadin samun da ake nema. Tambayoyin da na yi wa yaran nan a kan shayi ke nan, an rubuta su tun ƙarnoni kafin a ƙera darbil.

Na ce musu daga hotunan nan biyu ba zan ba kowa nasara ba, abin da zan iya cewa kawai shi ne takardar abokin ta fi ɗaukar shaida. Muka yi yarjejeniya a wurin: Asabar da safe kafin iska ta tashi, mita 50 su biyun, a zaune kan jakar yashi, takarda biyar kowa, harsashi biyar a kowace takarda, suna karɓa-karɓa don kada ɗaya ya ci sanyin safiya shi kaɗai. Kowace takarda za a rubuta mata lamba kafin a harba, kuma duk goman za su dawo hannuna. Ɗan ƙanwata ya tambaya ko zai iya yin na gwaji tukuna tunda bai taɓa saita bindigarsa a mita 50 ba. Na ce ya yi goma a wata takarda daban, abokinsa ma ya yi goma ya gyara hagun nan nasa, ni kuma zan zo da rula.